Tukunya Marar Murhu

Da asuba, kafin Bukoki ta farka,
na yanyanka zakaran da Ɗan Buza ya sayar mini jiya.
Tsoho ne, ƙafarsa kamar ta mai noman rani,
irin wanda wutar gaggawa ba ta iya masa.

Na soya shi sama-sama a man gyaɗa
don kada ya fito fari fat kamar mai jinya.
Sannan na jera: albasar Galmi a ƙasa,
guda huɗu, sai da suka sa ni kukan da ba na kowa ba,
karas, dankali, tafarnuwa, ɗanyar citta,
tumatirin da na markaɗa tun dare,
tattasan Difa, kanumfari uku, kimba ɗaya,
ɗan dunƙulen daddawa, gabu kaɗan,
ruwa rabin moɗa kawai,
don ita ba ta barin tururi ya tsere.

Inna na bisa tabarma, kwananta shida da zuwa daga Tawa,
hannu ga carbi, ido ga igiyar da na soka a bango.
Ta ce: "Tsahara, ina wutar?"
Na ce: tana ciki.
"Ina hayaƙin?" Babu.
"Wa zai motsa?" Ba kowa.
Ta ce: "Abincin da ba a tsaya kansa ba maraya ne."
Na ce: Sahiya ta aiko ta daga Lome, awa takwas take yi,
kada ki buɗe, don Allah, ko ƙamshi ya kira sunanki.
Na murɗa ta zuwa ƙaramar wuta,
na ɗauki jaka, na tare taksi zuwa asibiti.

Wuni guda ina awon jinin mutane,
ina rubuta lamba, ina cewa a rage gishiri,
hankalina na gida, ƙarƙashin murfin gilashi
inda raɓa ke hawa tana komawa.
Da hantsi fanka ta tsaya bisa kanmu,
injin wuta ya yi tari, ya kama.
Ban kawo komai a raina ba. Na ce layinmu daban ne.

Magariba na dawo. Tun daga zaure
ƙamshi ya karɓi jakata.
Tukunya na wurinta, ƴar fitilarta ja tana kallona.
Na buɗe: nama ya saki ƙashi ba gardama,
romo ya yi kauri, mai ya taso ja wur,
dankali ya sha har ya manta sunansa.
Mutari ya ci shinkafa faranti biyu, ya suɗe, ya nemi wuya.
Na ce: Inna, kin gani? Zamani ke nan.
Ta ce: "Na gani," tana tsotsar ɓargo.

Sai da na fita zubar da ruwan wanke-wanke
na taka toka mai ɗumi bayan randa.
Tsohuwar tukunyarmu a kife, ba ta ma bushe ba,
maficin kaba ya ƙone a baki ɗaya.
Maƙwabciya ta leƙo ta katanga:
"Tun hantsi suka ɗauke, sai la'asar sakaliya suka maido.
Tsohuwarki fa ta sha fifita."

Na tsaya da kwano a hannu.
Awa shida tana duƙe,
tana zare gawayi ɗaya-ɗaya
don wutar ta tafi sannu yadda na ce,
sannan ta juye, ta goge baki, ta mayar da murfi
kamar ba a taɓa ba.

Na koma ɗaki. Tana shafa man zafi a kafaɗa.
Ban ce ba, ba ta ce ba.
Na karɓi kwalbar, na zauna bayanta,
kallabinta na warin hayaƙi.
Ta ce: "Tukunyar nan taku akwai haƙuri."
Na ce: ƙwarai, Inna.
Na san inda ta koya.